Mu Muke Nomawa, Mu Ake Ciyarwa da Guba

Wani sabon kasuwanci ya kankama a manyan kantunan Abuja da Legas, yana kuma ratsowa Kano sannu a hankali. Ana zuba garin gero a 'yar leda mai ƙyalli, a manna mata takarda cewa babu gulutin a cikinsa, ba a taɓa ƙwayar halittar irinsa ba, kuma ba da feshi ko takin zamani aka noma shi ba. Sai a tsuga masa kuɗi. Masu hali su saya suna murna sun samo wa iyalinsu lafiyayyen abinci. Ban ga laifinsu ba, domin duk mai hankali yana son ya ciyar da 'ya'yansa abin da ba zai cutar da su ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, daga irin gonakin Gwiwa da Roni da Babura wannan gero yake fitowa, amma mutumin da ya yi sharar gona ya yi shuka, ya yi firi da maimai a cikin rana, ya girbe ya ɗaure dami, shi ne yau ba shi da tabbacin abin da matarsa take zuba wa yara a kwano. Mai kuɗin birni yana sayen tabbaci da kuɗinsa. Talakan Kazaure kuwa an bar shi da sa'a.

Duk abin da duniya take yayi a yau a kan lafiyar ciki, da shi kakanninmu suka rayu. Gero da maiwa da dawa da wake da shinkafa da acca, babu ko ɗaya mai gulutin. Wannan sinadari a alkama da sha'ir da danginsu yake. Tuwon dawa da miyar kuka mai daddawar kalwa, fura da nono, kunun tsamiya, gumba, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, waina, ƙosai, alala: duk mai neman abincin da babu gulutin ya zo kowane gida a ƙasar Kazaure shekaru arba'in da suka wuce, da ya ci ya ƙoshi safe da rana da dare. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, muna da alkaki da alkubus da funkaso da gurasa tun da daɗewa, amma abincin biki ne da sallah da karrama baƙo. Ba a kanta gida yake tashi kullum ba.

Duniya ta gane darajar abin nan, mu ne muka juya masa baya. Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta tun 2008, ta amince da acca a 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Zoɓon Jigawa har Meziko yake zuwa, riɗinmu yana ratsa kasuwar Dawanau ya nufi Japan da Sin da Turkiyya. Mu kuwa a nan gida mun koya wa 'ya'yanmu cewa tuwon dawa abincin wanda bai ci gaba ba ne. Yaro ya tashi da shayi da burodi, da rana taliyar leda, da yamma cincin da lemon kwalba, uwar tana alfahari ɗanta ba ya cin tuwo. Ɗanwake ma da aka sani da garin wake da rogo da kuka da kanwa, yau rabinsa fulawa ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya take ci daga waje ake shigo da ita, da dala ake biya. Ke nan duk ranar da naira ta faɗi, kumallon yaron Roni ne yake raguwa, alhali rumbun kakansa yana bayan ɗaki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wannan ɓangaren laifinmu ne, ba na gwamnati ba.

Sai dai kada mu ari tsoron da ba namu ba. Gulutin ba guba ba ne ga yawancin mutane. Akwai cutar hanji ta gaske da ke sa jikin mutum ya ƙi shi, tana kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, kuma kada wani ya ce ta Turawa ce kawai: binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi, mutanen Yammacin Sahara, ya gano ta a jikin kusan yaro 1 cikin 18. Yaron da ke fama da gudawa ba ƙaƙƙautawa, cikinsa na kumbura, yana ramewa, ya kamata likita ya duba shi, kuma idan ita ce, maganinsa na nan a madafin kakarsa. Ga sauran jama'a, matsalar fulawa ita ce ta ture abinci mai gina jiki, ta kuma ɗaure cikinmu ga farashin da ba mu da ta cewa a kansa.

Ainihin abin da ke barazana ga iyalin talaka a wannan yanki yana cikin buhun wake.

Kowa a harkar hatsi ya san yadda ake yi. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari suna huda shi cikin 'yan watanni. Mai saye ya ɓoye yana son ya riƙe shi daga kaka zuwa bazara ko tsakiyar damina ya ninka kuɗinsa. Sai ya kawo fiya-fiya ya yayyafa, ko ya barbaɗa hodar kashe ƙwari kai tsaye a kan ƙwayar, ko ya jefa ƙwayar nan mai fitar da iska mai guba cikin buhu ya ɗinke, ba tare da ya san adadi ko kwanakin da ya kamata a jira ba. Ranar da farashi ya yi masa daɗi, sai ya kwance ya juye a tabarma a kasuwa. Mace ta zo da 'yan canjinta ta zaɓi wanda ya fi kyau a ido, wanda babu huda ko ɗaya, ba ta san rashin hudar ne ya kamata ya tsorata ta ba. Ta dafa, yara su ci, cikin dare a kama amai da gudawa. A ce sanyi ne, ko shawara, ko sammu. Wanda bai faɗi a take ba, hantarsa da ƙodarsa ne suke fama da abin shekara da shekaru.

Ba zato nake yi ba. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan dichlorvos da aka riƙa samu a jikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo. An samu waken Najeriya da ya kai miligiram 4.6, ninki ɗari huɗu da sittin ke nan. A 2016 suka tsawaita haramcin. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda manyanmu suka karɓi labarin: kukansu duk a kan asarar kuɗin shiga ne da zubewar mutuncin ƙasa a idon duniya. Ban ji an tsaya an tambayi wa yake cin sauran waken ba. Baturen da ya ƙi karɓa yana da ɗakin gwaji a tashar jirgin ruwa. Mu da muke cin irin wannan wake a ƙosai da alala da garau-garau kusan kullum, wa ya taɓa ɗibar kwano ɗaya a kasuwar Babura ya kai gwaji, ya dawo ya gaya mana abin da ya gani? Ran Bature rai ne, namu fa?

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos a kasuwanni da kantuna. Madalla da doka. To amma duk mai ido ya zaga kasuwannin ƙauye ranar cinsu ya duba teburan masu maganin feshi: kwalabe marasa suna, wasu an ɗura a gorar ruwa, wasu rubutun jikinsu da Faransanci ne ko harshen Sin, mai sayarwa bai iya karantawa ba, mai saye bai iya ba, murfin kwalba ne ma'auni. Kuma sau da yawa teburin na daf da mai sayar da manja da mai tuyar awara. Dokar da aka rubuta a Abuja ba ta da ƙafar zuwa Gwiwa sai an ɗauke ta an kai ta, kuma masu ɗaukar albashi don su kai ta ba su kai ba.

Haka abin yake a lambu. Tun bayan da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Arewa a 2016, mai noman rani a fadamun Kazaure da Roni ya koyi ya yi feshi a kan feshi, domin idan bai yi ba ya rasa jarinsa. Ban tsine masa ba, bashi ne a kansa. Amma kowane magani yana da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka, kuma yawancin manoma ba a taɓa gaya musu ba. A fesa yau, gobe kwando yana kan mota. Shi kansa mai feshin ba takunkumi, ba safar hannu, iska tana mayar masa da abin a fuska, ya gama ya wanke tankin a ruwan da ake shayar da dabbobi. Ga masu nunar da mangwaro da ayaba da kabayid ɗin masu walda. Ga gyaɗa da masarar da aka tara da danshi ta yi funfuna, mai haifar da gubar afulatokzin da aka tabbatar tana jawo kansar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Maimakon a zubar, sai a kai inji a niƙa, a yi ƙuli-ƙuli ko a sayar da araha, kuma talaka ne mai sayen araha. Cibiyar IITA ta Ibadan ta daɗe da samar da Aflasafe, abin da ake watsawa a gona ya rage wannan guba ƙwarai. Manoma nawa ne a Gwiwa suka taɓa jin sunansa?

Wanda ya manta, ya tuna abin da ya faru a Kano a 2021, lokacin da aka sayar wa jama'a wani sinadarin masana'antu da sunan ɗan tsami, aka yi lemo da shi. Mutane suka mutu, ɗaruruwa aka kwantar a asibiti, wasu suna fitsarin jini. Wannan a ƙasar da tsamiya take zuba a ƙasa.

Sai batun irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wanda ake kira GMO, inda hayaniya ta fi yawa gaskiya ta fi ƙaranci. An kafa hukumar kula da wannan fanni, NBMA, a 2015. A ƙarshen 2019 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta saki waken GMO ga manoma, mai suna SAMPEA 20-T, wanda masana a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, suka yi aikinsa ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sanya masa wata ƙwayar halitta daga ƙwayar cutar ƙasa don ya kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, wadda kan lashe mafi yawan amfanin gona a mummunar shekara. Masu shi sun ce maimakon feshi shida zuwa takwas, biyu sun isa. A farkon 2024 aka saki masarar TELA, ita ma daga Samaru.

Ba na cikin masu tura saƙon murya a WhatsApp suna cewa an kawo irin nan ne don a hana mu haihuwa. Ba su da hujja, kuma irin wannan jita-jita ta taɓa jawo mana asara a kan rigakafin shan inna, yaranmu ne suka biya. Idan da gaske wake zai rage feshi daga takwas zuwa biyu, wannan abu ne da ya kamata manomi ya ji, ya auna da kansa. Amma ina adawa da rainin da ake yi mana. Dokar da ta kafa NBMA ta yi tanadin a riƙa sanya alama a kan kayan GMO don mai saye ya sani. A ina za a manna alamar? A jikin tiya? Mu da kwano da tiya muke awo, daga buhun da aka haɗa waken gona goma. Wanda ya tsara dokar ya tsara ta ne don mai tura keken sayayya a babban kanti, ya manta da mu gaba ɗaya. Mutumin da ya ce shi dai ba ya son irin nan a tukunyarsa, ko da dalilinsa bai gamsar da farfesa ba, yana da haƙƙin a ba shi zaɓi. Kuma duk lokacin da talaka ya yi tambaya, sai a amsa masa da cewa jahilci ne. A Burkina Faso ma an ce wa manoman auduga su kwantar da hankalinsu a 2008. Zuwa 2016 ƙasar ta ajiye audugar GMO saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. Tambaya ba jahilci ba ce.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa manomi ba. Na farko, masarar TELA irin aure ce. Idan ka ajiye 'ya'yanta ka shuka baɗi ba za ta ba ka yadda ta ba ka bana ba, sai ka koma ka sayi sabo. Wannan ba sharrin GMO ba ne shi kaɗai, haka duk irin aure yake, amma ga mutumin da ya gaji zaɓar zangarniya mafi kyau ya rataye a ɗaki don shukar baɗi, wannan babban sauyi ne, ya kamata a gaya masa kafin ya rabu da irin gidansu. Na biyu, kariyar da aka sanya wa waken nan ta tsutsar gona ce. Ba ta hana ƙwarin ajiya huda shi a buhu. Ke nan ko wane iri aka shuka, na Samaru ko na kaka da kakanni, mai fiya-fiya yana nan yana jira a sito. Shi ya sa nake jin haushin yadda 'yan boko suka kasu gida biyu suna jifan juna a rediyo da Facebook a kan GMO, alhali gubar da babu mai gardama a kanta tana shiga cikin yaranmu kowace rana ba mai ɗaga murya.

To ina batun araha? Nan ne zancen yake da ɗaci. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 ya daki garuruwa irin su Babura, waɗanda cinikinsu da zumuncinsu suke haɗe da ƙasar Damagaram. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, ga wanda yake da albashin ma ke nan. Rahoton talauci na 2022 ya sanya kusan kashi 84 cikin 100 na mutanen Jigawa cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Kusan yara biyu cikin uku, a jihar da take ciyar da wasu jihohi! Wanda yake cikin wannan hali, ka zo kana ba shi shawarar ya riƙa karanta bayan leda kafin ya saya, ka ci masa mutunci. Ba ya zaɓe. Abin da kuɗinsa ya kai shi yake ɗauka.

Kuma yadda aka tsara abin, dole ya yi asara sau biyu. Da kaka bashin taki da na feshi da hidimar aure da kuɗin makaranta suna jiransa, sai ya kai hatsinsa mai tsabta kasuwa lokacin da ya fi arha. Dillalai su kwashe, motoci su nufi Dawanau. Da damina ta yi nisa, rumbu ya ƙare, sai ya dawo kasuwa ya sayi hatsin da ya sha magani a sito, da tsadar da ta ninka. Ya sayar da mai kyau da arha, ya sayi mai guba da tsada. Wannan ita ce cutar, kuma shekara da shekaru ana kallo.

Maganin ajiyar ba a ɓoye yake ba, shi ya sa shirun ya fi ciwo. Buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu, ba ɗigon magani. Idan ba a huda shi ba, yana yin shekara fiye da ɗaya ana amfani da shi, kuma a Kano ma an ƙera shi. Jarka mai murfi ko durom da aka wanke aka toshe bakinsa, aikin ɗaya suke yi. Iyayenmu mata sun san gauraya wake da toka ko rairayi mai laushi, sun san barkono da ganyen darbejiya, sun san gero a zangarniyarsa cikin rumbu yana daɗewa lafiya lau. Gidaje biyar ko goma a unguwa za su iya yin adashi tun bazara, kaka na yi su sayi buhunan gero da dawa da wake kai tsaye daga hannun manomin da suka san gonarsa, su raba, su adana da kansu. Wannan shi ne abinci mai tsabta mafi arha da iyali zai samu a wannan yanki, kuma babu takardar shaida daga waje da ta kai ka san wanda ya noma. Uwargida da ta shuka zogale biyu da rama da kuɓewa a bayan ɗaki, tana ba su ruwan wanke-wanke mara sabulu, ta shanya kuka da kuɓewa a inuwa lokacin da suke da yawa, ta rage dunƙulen ɗanɗano ta koma daddawa, ta fi mai sayayya a Abuja sanin abin da ke cikin tukunyarta.

Gonar ma haka. Ba na cewa a watsar da takin zamani gobe da safe. Ƙasarmu ta gaji, jama'a sun ƙaru, wanda ya ce a daina kwatsam yunwa yake kira. Amma mun yi sakaci da abin da muke da shi. Da can bayan girbi manomi ne yake roƙon Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa, har ya ba shi dami, shanu su ci kara su bar taki. Yau mun bar wannan zumunci ya lalace ya koma gaba. Gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina ya ba shuka rana da taki, mun sare shi mun yi gawayi. 'Yan uwanmu na Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin kututture yana tohowa a gona suna yi masa aski, suka dawo da miliyoyin itatuwa a Maraɗi da Damagaram ba tare da dasa sabo ba, gonakinsu suka farfaɗo. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Daga Babura zuwa can ba nisa ba ne, amma jami'anmu sun fi son taron bita a otal.

Yanzu ga waɗanda nake kuka da su. Ranku ya daɗe shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, ina duba-gari? A da mai sayar da ruɓaɓɓen nama yana jin an ce ga duba-gari sai ya tattara. Yau kuna da ma'aikatan tsabta a takardar albashi, kuna karɓar harajin rumfa a kowace kasuwa ba fashi, to me mai biyan harajin yake samu? Raba teburin maganin feshi da na abinci ba ya buƙatar kasafin biliyan. Hukumar JARDA tana da malaman gona. A tura su kasuwa ranar cinta da buhun PICS a hannu su nuna wa jama'a yadda ake ɗaurewa, su faɗa da Hausa kwana nawa ake jira bayan feshi. Kamfanin JASCO da yake sayar da taki da iri, ya sayar da waɗannan buhuna a kan farashi mai sauƙi kafin kaka, ba bayanta ba, kuma duk irin da zai sayar a rubuta a jikinsa da boko da ajami ko na GMO ne ko ba shi ba ne, ko ana iya ajiye shi a sake shukawa ko ba a iyawa. Gwamna Umar Namadi ya sanya noma a gaba, an zuba ƙarfi sosai a noman alkama na rani tun 2023, ban ƙi ba. Amma gero da dawa da wake su ne abincin mutanen da suka zaɓe shi, kuma jihar da take da burin fitar da riɗi da zoɓo waje ta san dole sai an gwada su. In za a iya gwada abin da baƙo zai ci, a gwada abin da ɗan gida yake ci. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Me zai hana a ba ta kayan aiki ta riƙa ɗibar samfur daga kasuwannin yankin, a karanta sakamakon a rediyo kowa ya ji?

Ga iyayenmu sarakuna, daga Mai Martaba Sarkin Kazaure Alhaji Najib Hussaini Adamu zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni, har da na ɓangaren Ringim da Babura take ƙarƙashinta: Allah ya ƙara muku lafiya, sarkin kasuwa da shugabannin 'yan hatsi suna jin maganarku fiye da ta kowace hukuma. Sun san wane ne yake zuba magani a sito, da sunansa da rumfarsa. A kira su a kafa ƙa'ida, wanda ya karya a hana shi awo a kasuwar. Malamanmu kuma, muna jin huɗuba a kan tauye mudu, kuma daidai ne. Amma wanda ya tauye mudu hatsi ya rage maka. Wanda ya zuba fiya-fiya a wake ya sayar maka bai faɗa ba, lafiyar ɗanka ya taɓa. Wannan algus ne mafi muni, a kira shi da sunansa a kan mumbari, ko da mai yin sa yana sahun gaba, ko da shi ya sayi tabarmin masallacin.

Kai kuma Alhaji mai sito, na san kana da buhun da ka ware wa gidanka, wanda ba a zuba wa komai ba. Yaranka na awo sun sani, direbanka ya sani. Buhun PICS ɗaya bai kai ribar da kake ci a kan tiya kaɗan ba. Kaka mai zuwa ka saye su, ka yi wa waken da za ka sayar wa matar maƙwabcinka irin ajiyar da ka yi wa na uwargidanka.